Shekarar da Kyanwa ta Wanke Dije

Ranar sunan ɗiyar jikana Sa'adu ina zaune a ɗaki, ƙafafuna a miƙe, na ji matan gidan nan suna hira a tsakar gida, ɗaya tana ba sauran labari wai an taɓa kora ta gidan iyayena saboda kyanwa. Suka yi dariya. Dariyar ba ta dame ni ba, don gaskiya ne an kore ni, kuma akwai kyanwa a cikin maganar. Abin da ya hana ni cin tuwon suna shi ne da wata ta ƙara da cewa ai wata mayya ce 'yar Maraɗi ta shiga tsakanina da mahaifinku. Matar da ake nufi Dije ce. Ta daɗe a ƙasa, ba ta bar ɗa ba, ba ta bar jika ba, babu mai tsaya mata sai ni. Shi ya sa na ce a kawo mini takarda. Hannuna yana rawa, amma hankalina bai je ko'ina ba. Ku karanta, ku kuma karanta wa 'ya'yanku.

A lokacin Turawa ba su tafi ba, saura 'yan shekaru. Ingila na mulkin wannan gefe, Faransa na wancan, mu kuwa mutanen Jibiya muna tsakiya, rabin danginmu can, rabi nan. Mahaifinku fataucin hatsi yake yi. Da kaka ya sayi gero a Riko da Farfaru ya zuba a rumbuna uku da ke bayan gida, da bazara ya ɗora wa jakuna a ƙetare da shi Maraɗi. Mu huɗu ne manya a gidan: shi, da ni, da mahaifiyarsa da muke kira Inna, da Dije. Sai yayarku ta fari, wadda har yau ba na kama sunanta, tana wata goma, ta fara tsayawa da bango. Inna gajeruwa ce ƙaƙƙarfa, ba ta da yawan magana. Ta haifi bakwai ta binne biyar da hannunta, kuma ina so ku riƙe wannan a ranku kafin ku yanke mata hukunci a kan abin da zan faɗa. Dije kuwa ba jininmu ba ce. Mijinta yana cikin masu koran jakunan mahaifinku, ciwon ciki ya kashe shi a hanya, ita kuma ba ta da kowa a Maraɗi sai wani ƙanen uba da ba ya son ganinta. Mahaifinku ya ba ta ɗakin da ke kusa da rumbuna. Kitso take yi, kuma ban taɓa ganin hannu irin nata ba. Da hantsi matan unguwa ke shigowa su zauna a inuwar darbejiya, ta sa kan mace tsakanin gwiwoyinta, tana tsaga da tsinke tana ba da labarin kasuwar Maraɗi. Ni amarya ce da aka kawo daga ƙauye, ban san kowa ba. Dije ce ta fara sa ni dariya a gidan nan.

Kyanwar a cikin kwando ta zo mana. Ɓeraye sun addabi rumbuna a shekarar, sai wani kukun Bature a Maraɗi ya ba mahaifinku ita, don maigidansa ya koma ƙasarsu ya bar ta. Ba irin kyanwowinmu ba ce masu gajeren gashi. Fara ce da ratsin toka, gashinta dogo kamar na tunkiyar da ba a taɓa sausaya ba, jelarta kamar tsintsiya. Kukun ya ce Madam ake ce mata, muka ci gaba da kiranta haka. Tana da girman kai amma tana da aiki, don cikin wata ɗaya muka daina jin ƙarar haƙori a rumbu. Da zafin bazara ya kankama sai ta shiga zubar da gashi. Duk inda ta kwanta sai ta bar fari, yini guda kuma tana gindin randa tana lashe jikinta. Ba wanda ya kula. A wurinmu kyanwa ba abin kulawa ba ce, ta ci ɓera ta sha ruwan kwatami, shi ke nan.

A cikin wannan zafin ƙyanda ta shigo gari, ta kama yayarku. Jikinta ya yi zafi rau, idanu suka yi ja, ƙurajen suka ƙi fitowa sosai, tari kuma ya sarƙe ta. Kwana na uku da safe Inna ta fito da tsintsiya, ta tsaya cak a bakin ƙofata. A kan dokin ƙofar akwai wani abu dogo kamar yatsa, jiƙe, launin ƙasa, an murɗe shi tamau. Ta taɓa shi da tsinke ta ga gashi ne. Ta haƙa rami ta binne. Bayan kwana biyu aka sake samun wani, wannan karon a ƙarƙashin gadon da yarinyar ke kwance. A nan Inna ta kira ɗanta, ta kira ni, ta ajiye abin a kan ganye a gabanmu.

"Wa ke taɓa gashin mutane a gidan ga?" in ji ta. "Wa ya yi maki kitso sati biyu da suka wuce? Gashin da ya zuba, ke kika binne shi ko ita?"

"Ita ta ce za ta binne, Inna."

"To ga shi nan ta binne maki a ƙarƙashin ɗiyarki."

Kafin azahar magana ta gama unguwa. Matan da suka zo kitso suka juya daga zaure, wata ma da rabin kai a tsefe. Inna ta ɗauke yarinyar ta mai da ita ɗakinta, ta ce ni sai dai in shigo in ba da nono in fita, Dije kuwa ko inuwarta kada ta gitta ƙofar. Mahaifinku mutum ne mai gudun hayaniya, kuma bai taɓa musa wa uwarsa ba. Ya tsaya daga waje ya ce wa Dije ranar kasuwa jakuna za su ƙetara, ta haɗa kayanta ta bi su. Saura kwana biyar. Na ji amsarta daga cikin ɗaki, murya ƙasa-ƙasa.

"Malam, na ji. Amma Allah shina gani, ɗiyar nan a bayana ta koyi dariya."

Ba zan ɓoye muku ba, a ranar ni ma na yarda. Uwa mai ɗa kwance tana neman wanda za ta ɗora wa, kuma ga gashi, ga mai kitso. Na wuce ƙofarta sau biyu ban yi mata sallama ba. Wannan shi ne abin da na fi jin kunyarsa a rayuwata, ba korar ba. Washegari da safe ina wankin zannuwan yarinyar a bayan rumbu, na ji wani kakari kamar na tsoho mai tari. Na leƙa, sai ga Madam ta miƙe wuya, ta durƙusa, cikinta yana bugawa. Ta yi sau uku, ta harar da 'yar kumfa da 'yan silalan gashi, ta girgiza kai ta tafi. Na tsaya da zane a hannu ruwa yana ɗiga a ƙafata. Sai na tafi inda Inna ta binne na biyun bayan ta nuna mana, na tone, na sa a tsohuwar ƙwarya na zuba ruwa, na yi ta warwarewa da tsinke. Da dattin ya fita sai gashin ya taso saman ruwa, fari da toka, miƙaƙƙe, mai laushi. Na tsinko sili ɗaya daga kaina na ajiye kusa da su. Nawa baƙi ne murɗaɗɗe. Ko makaho ya shafa zai bambance.

Na kai wa Inna ƙwaryar da murna, ina zaton magana ta ƙare. Ta duba, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ture.

"Mai mugun abu da gashin mi ba ta aiki? Na kyanwa ma ya fi muni. Na girme ki da shekara arba'in, ban taɓa ganin kyanwa ta haifi gashi ta baki ba."

"In kin gani da idonki fa, Inna?"

"In na gani da idona, sai in san abin da zan yi. Fita, kin cika ni da surutu yarinya na barci."

Daga nan na ɗaura ɗamara. Na ce a raina, ko me zai faru, sai kyanwar nan ta yi abin nan a gaban Inna kafin ranar kasuwa. Na ɗaure ta da igiyar rama a turken da ke inuwa daura da ƙofar Inna, na shimfiɗa tabarmata kusa, nan nake tankaɗe, nan nake tsinke zogale, idona a kanta. Amma sai abu ya juye mini. Madam ta daina cin abinci. Na ba ta tuwo da miya ta kau da kai, na ba ta kan kifi ta shinshina ta kwanta. Kakarin ya ƙaru, ba abin da ke fita. Kwana biyu ba ta yi kashi ba, na taɓa cikinta na ji shi tauri. Gashinta ya cukurkuɗe, idonta ya faɗa. Na gane cewa abin ya tsaya mata a ciki, in kuwa ta mutu, shaidar Dije ta mutu tare da ita, har ma a ce Dije ce ta kashe ta.

Ana saura kwana biyu kasuwa, Jumma mai nono ta shigo. Bafulatana ce daga rugar da ke bayan Farfaru, dattijuwa, ta daɗe tana kawo mana nono da man shanu. Ta sauke ƙwarya ta ga kyanwa ɗaure a turke kamar akuya, ta tambaye ni lafiya. Na faɗa mata duka, na nuna mata gashin. Ko mamaki ba ta yi ba.

"Wannan ai mun san shi," in ji ta. "Maraƙin da ke yawan lasar jikinsa, in an yanka sai a tarar da dunƙule a tumbinsa, wani kamar ƙwan zabo. Gashin da ya haɗiye ne yake taruwa. Wagga kyanwa gashi ya yi mata yawa, ga zafi. Abin da ta lasa ina kike so shi tahi?"

"Yaya zan yi ya fito, Jumma?"

Ta lakato man shanu kamar ƙwayar gyaɗa, ta kama ƙafar Madam ta gaba ta shafa mata. Kyanwar ta yi fushi, amma ba ta iya barin maiƙo a jikinta, ta lashe tas. Jumma ta ce in yi haka safe da yamma, kada in wuce wannan gwargwado don kada zawo ya kama ta, in ajiye mata ruwa mai sanyi a kasko kusa da bakinta. Sannan ta ce man zai sa ya yi santsi ne kawai, abin da zai taso da shi ɗanyar ciyawa ce, mai laushi, wadda kyanwa ke tsinka da kanta in cikinta ya dame ta. Na roƙe ta ta shiga ta faɗa wa Inna maganar maraƙi. Ta shiga, ta fito tana girgiza kai, ta ce tsohuwar ta ce maraƙi daban kyanwa daban. Na roƙe ta ta kawo mini ciyawar, ta ce a rugarsu ko tsinke kore babu, shanu ma ganyen gawo ake sassabo musu, kuma ba za ta sake shigowa gari ba sai bayan kasuwa.

Ƙarshen bazara ne, ƙasa ta ƙone ƙurmus. Wuri ɗaya na sani da ke da kore a duk Jibiya, bakin gulbi, inda masu lambu ke haƙa rijiya a cikin yashi suna ban ruwan albasa. Da yamma mahaifinku ya shigo, na kai masa ruwa na durƙusa, na roƙe shi ya sa a yanko mini ɗan damin ciyawa. Ya dube ni kamar bai san ni ba.

"Ɗiyarki na kwance, ke kina jinyar kyanwa. Gari duk ana maganar gidana. Yanzu kuma in je in ce wa mutane su yanko mini ciyawa don mage? Kada in sake jin wannan magana."

"Malam, in an zalunci matar nan, a gidanka aka zalunce ta."

"Na ce kada in sake ji."

Ku da kuka tashi yanzu ba za ku gane nauyin abin da na yi ba. Tun da aka kawo ni gidan, shekara biyu, ban taɓa taka ƙofar zaure da rana ba. Matar mutum mai rufin asiri ba ta fita, sai da izini, sai da rakiya. Na san haka sarai. Na kuma san Dije ba za ta iya zuwa ba, don tun ranar da aka yi maganar ko ƙofar ɗakinta ba ta buɗewa sai don alwala. Washegari da hantsi, bayan na ba yayarku nono na ga numfashinta ya ɗan daidaita, na yafa babban zane, na ɗauki wuƙar yanka kuɓewa da ƙaramar ƙwarya, na fita ta zaure. Ban bi ta bayan gida ba, don ban so a ce satar hanya na yi. Hanyar gulbi kuwa sai ta gefen kasuwa, inda ake ta ɗaurin kaya saboda gobe. Na ga mutane suna ɗago kai. Na ga mahaifinku a tsaye a kan buhunansa da mudu a hannu, ya gan ni, na gan shi. Amma ban tsaya ba. Yashin gulbi ya gasa mini tafin ƙafa. Wani tsoho mai lambu ya bar ni na yanki ciyawar da ta fito a bakin kwalbatin ruwansa, ko tambayata bai yi ba. Na cika ƙwarya na yayyafa ruwa na rufe da gefen zane, na dawo ta hanyar da na bi.

Na tarar da shi a zaure yana jirana. Bai ɗaga murya ba, bai taɓa ɗaga mini murya ba har ya bar duniya.

"Kin fita."

"Na fita, Malam."

"In yarinya ta warke, ki tahi Riko wurin iyayenki, sai na neme ki."

Na ce to. Na wuce ciki na zube ciyawar a gaban Madam. Ta shinshina, ta juya baya. A nan ne na zauna a ƙasa na yi kuka, kukan da ban yi ba tun da yarinyar ta kwanta. Sai can da la'asar, bayan na sake shafa mata man, na ga ta miƙa wuya ta tsinki sili ɗaya, ta tauna da gefen baki, ta ƙara wani. Na zuba ido har rana ta faɗi. Ba abin da ya fito.

Ranar kasuwa da sassafe aka ɗaura wa jakuna kaya. Dije ta fito da ƙullin zannuwanta a ka da 'yar jakar kayan kitso. Ta rame a kwana biyar ɗin nan kamar ta yi wata tana ciwo. Ta tsaya daga nesa ta yi wa Inna sallama, Inna ba ta amsa ba. Ta zo inda nake, ta dubi kyanwar, ta dube ni.

"Na ji abin da kika yi jiya. Ba ki kyauta wa kanki ba, ƙanwata. Ki kwance dabbar nan ta huta."

"Ba zan kwance ta ba, Yaya Dije."

"To Allah shi tashi kafaɗun ɗiyata," in ji ta, ta fita.

Ban kwance ta ba. Na sake ba ta man, na sabunta ruwan kasko, na tura mata sauran ciyawar da na lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma. Ko da Dije ta ƙetara, na ce sunanta bai ƙetara ba, yana nan a bakin mutanen Jibiya, kuma shi nake so in wanke. Rana ta ɗaga. Zafi ya kori Inna daga ɗaki, ta fito da yarinyar a kafaɗa ta zauna a bakin ƙofa tana yi mata fifita. Sai Madam ta miƙe, ta ja igiya iya tsawonta har gefen tabarmar Inna, ta durƙusa ta fara kakarin nan. Na ce, "Inna, duba." Sau ɗaya, sau biyu, a na huɗu abin ya faɗo, ya fi na baya tsawo da kauri, da koren ciyawa a jikinsa. Kyanwar ta ja da baya ta girgiza, ta nufi kasko tana shan ruwa.

Inna ta sunkuya a kan abin. Sannan ta zare tsinke daga tsintsiya ta tsaga abin da kanta, ta ɗago gashin ta duba a rana. Ta miƙo mini yarinyar, karo na farko cikin kwana biyar.

"Riƙe ɗiyarki. Ina takalmana?"

Abin da ya faru a iyaka ban gani ba, Dije ce ta ba ni labari, masu jakuna kuma suka tabbatar. Inna ta ari jakin maƙwabcinmu, ta naɗe abin a ganye ta ƙulle a bakin zane, ta bi su. Allah ya sa masu binciken kaya na Faransa, waɗanda muke ce wa duwan, sun tsare ayarin a shinge suna soka buhuna da ƙarfe. Dije na zaune a gindin wata aduwa. Tsohuwar ta sauka, ta ratsa cikin fatake da jakuna da masu tallan fura, ta kwance ganyen a gaban ɗanta da ke tare da ayarin, ta ce masa kyanwarsa ce ta amayar da shi a kan tabarmarta, tana kallo. Sannan ta juya ta durƙusa a gaban Dije, mace mai furfura a gaban wadda ba ta kai 'yarta ba, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ni na yi maki ƙazafi. Ni na ɓata maki suna. Ki yafe mini tun ina da rai, ko ki bi ni da shi gaban Allah, duk wanda kika zaɓa kin yi daidai."

Dije ta ce ta yi niyyar kada ta dawo. Ta ce abin da ya juyo da ita shi ne da Inna ta ce yarinyar ta buɗe ido da safen nan. Suka shigo gida bayan azahar, Dije a kan jaki, Inna a ƙasa tana ja, don ta rantse ba za ta hau ba. Kwana uku bayan haka Inna ta bi gidajen unguwa ɗaya bayan ɗaya tana faɗin abin da ta faɗa a shinge, sannan ta zo ta zauna a inuwar darbejiya ta kwance ɗankwali, ta ce Dije ta fara da kanta. Wasu matan sun dawo a satin. Wasu sai bayan shekara. Akwai biyu da ba su taɓa dawowa ba, kuma ina jin daga bakinsu ne ƙaryar ta rayu har ta iso tsakar gidan nan.

Kulawar Madam ta koma hannun Dije, ta kuwa mai da ita sana'a. Ta ware mataji ɗaya na katako mai ƙananan haƙora, kowace safiya kafin mata su zo ta ɗora kyanwar a cinya ta taje ta daga wuya har jela, ƙarƙashin ciki da bayan kunnuwa, inda ya cukurkuɗe ta warware da yatsa. Da bazara sai ta tara gashi cike da tafin hannu a zama ɗaya, ta ce duk wanda ya fita a mataji ba zai shiga ciki ba. Man shanu sau biyu a sati, ɗan kaɗan a ƙafa. Kaskon ruwa ba ya bushewa. Ciyawa kuwa, ta sami fasasshiyar tukunya ta cika da ƙasa, ta watsa gero tana yayyafa ruwa, cikin sati ya tsiro kore shar, in wannan ya tsufa ta shuka wani. Daga nan sai a yi wata da watanni ba mu ga dunƙulen ba, in ma ya fito ƙarami ne. Madam ta yi shekara tara a gidan. Duk kyanwar da kuka taso kuka gani ina tajewa kuna yi mini dariya, a wurin Dije na koya. In kuwa kun ga ta daina ci, tana kakari ba abin da ke fita, ku yanzu kuna da likitan dabbobi, ku kai ta, kada ku jira kwana biyu kamar yadda na jira.

Yayarku ta warke a hankali, ƙurajen suka bushe, tarin ya ɗauki wata guda. Ni kuwa maganar mahaifinku ba ta tashi ba. Inna ta yi masa magana, ya ce batun Dije daban, batun fita daban, a gaban kasuwa aka gan ni, kuma ya riga ya furta. Ruwan farko ya sauka ina kan hanyar Riko da yarinya a baya. Damina guda na yi a can. Babana bai yi mini magana ba sai da aka yi noman farko, innata kuma kullum tana tambayata abin da na ci riba da shi. A ƙauye aka sa mini suna Uwar Kyanwa, har yanzu akwai tsofaffin da ba su san ni da wani suna ba. Na yi noma, na yi surfe, na ji kunya iya jin kunya, wasu ranakun na ɗauka auren ya mutu ke nan. Sai da gero ya fitar da kai aka zo biko, Inna da Dije, da goro da turmin atamfa. Shi bai zo ba.

Na koma. Ya amsa gaisuwata, ya ɗauki yarinyar ya ce ta yi nauyi, ya tambayi mutanen Riko. Muka zauna shekara talatin da ɗaya bayan haka, na haifi sauranku, ban nemi wani abu a wurinsa na rasa ba. A duk tsawon zaman nan bai taɓa ce mini na yi daidai ba. Ni ma ban taɓa ce masa na yi kuskure ba. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Inna, ya jiƙan Dije, ya sa mu cika da kyau.